Sa Hannun da Ba Nawa Ba

Na daɗe riƙe da wayar nan kafin in fara rubutu, don ban san ta inda zan ɗauko muku zancen ba. Wasunku sun yi ta turo saƙo suna tambayar kalar anko, wasu suna tambayar ko an tsayar da rana. Ku yi haƙuri, yau ba maganar anko na zo da ita ba. Abin da ya same ni a makon nan zan faɗa muku, yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Muhsina, shekaruna ashirin da bakwai, a Ƙauran Namoda aka haife ni kuma a nan na girma. Babanmu ya rasu ina aji uku na sakandare, saboda haka Yaya Faruku, babban wanmu, shi ne a matsayin uba a gidan. Ni ce mai kula da laburaren wata makarantar 'yan mata ta al'umma da ke bayan unguwarmu. Ba wani babban wuri ba ne. Ɗaki ɗaya ne mai tsawo, taga huɗu, kanta goma sha biyu, da wata tsohuwar kwamfuta da sai an lallaɓa ta take tashi. Amma shekarata huɗu a ciki, kuma in kika faɗa min sunan littafi, idona a rufe zan kai hannu in ɗauko miki shi.

A ɗakin nan na haɗu da Armiya'u. Shekara biyu da suka wuce, da aka rufe reshen makarantarmu na wajen Zurmi saboda rashin tsaro, sai aka ɗura littattafansu a buhuna aka rasa mai kawowa. Shi mai sayar da maganin dabbobi ne, yana zirga-zirga tsakanin Shinkafi, garinsu, da Ƙaura. Shi ya ɗauko su a motarsa don Allah, kuma da kansa ya riƙa saɓa buhunan yana shigo da su har farar shaddarsa ta koma ruwan ƙasa. Bayan mako guda ya dawo wai yana neman littafi kan cutar awaki. Na ba shi. Ya dawo da shi bai wuce shafi na biyar ba, don na ga inda ya naɗe takardar.

Da magana ta yi nisa, sharaɗi ɗaya na gindaya masa, kuma a gaban Yaya Faruku na faɗa don kada a ce ban faɗa ba: zan ci gaba da aikina bayan aure. Armiya'u ya yi dariya ya ce ai a cikin littattafai ya ganni ya so ni, ta yaya zai raba ni da su. Har ya ɗauke ni da ƙanwata ya kai mu wani gida da ake yi wa shafe a kusa da tashar jirgin ƙasa, ya nuna min ɗaki biyu da falo, ya ce a nan za mu zauna, tafiyar minti goma zuwa makaranta. Na tsaya a tsakar gidan ina zaɓar inda zan shuka zogale. Ku riƙe wannan.

Wata biyu da suka wuce ya roƙe ni wata alfarma. Ƙanwarsa Anisa ta gama karatunta na koyon malanta, tana zaune a gidan gwaggonsu a nan Ƙaura ba ta yin komai, ko zan bari ta riƙa zuwa tana zama da ni ta koyi kwamfuta? Na yi murna. Anisa yarinya ce mai sanyin murya, 'yar shekara ashirin da biyu, kullum cikin dogon hijabi ruwan zuma, ba ta kira na sai da Anti. In na zo da hoce ko ɗanwake a kwano tare muke ci. Har na fara jin daɗin cewa a dangin miji ina da tawa.

Sai mako uku da suka wuce, ranar wata Litinin, shugaban makarantarmu Malam Ladan ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai furfura, abokin marigayi Baba. Ya ce kwamitin makaranta yana son a yi cikakkiyar ƙidayar littattafai a kuma gyara kundin laburare kafin ƙarshen wata, za su zo da kansu su duba ranar Alhamis ta ƙarshe. Da zan fita ya ce, “Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Za mu yi kewarki.” Na sunkuyar da kai ina murmushi, a zatona hutun biki yake nufi.

Wanda bai taɓa ƙidayar laburare ba ba zai gane wahalarta ba. Ba ƙirga ɗaya, biyu, uku ba ne. Kowane littafi sai ka sauko da shi, ka duba lambar da ke bayansa, ka nemo katinsa a aljihun katuna, ka duba babbar rajista, ka duba kwamfuta, ka tabbatar huɗun sun yi magana ɗaya. Namu kuwa ba su taɓa yin magana ɗaya ba. Akwai littafin da ke da kati biyu. Akwai katin da littafinsa ya ɓace tun kafin in zo. Marubuci ɗaya an rubuta sunansa iri uku, Muhammad a nan, Muhammadu a can, wani wurin an gajarta shi, kwamfuta kuma ta ɗauka mutum uku ne. Ga na Zurmi, buhu shida da ban taɓa samun sukunin ba su lamba ba, ga waɗanda yoyon damina ya jiƙa a kanta ta bakwai har shafukansu suka manne, ga waɗanda gara ta yi wa hanya daga bango zuwa bango.

Na samo kwali uku a shagon Yaya Faruku, na rubuta a jikinsu: na gyara, na zubarwa, na tambaya. Na bi azuzuwa ina roƙon ɗalibai su dawo da aro. Na bi malamai har ɗakin hutunsu, wata malama sai da na je gidanta na tarar da ƙamus ɗinmu an tokare ƙofar kicin da shi. Ƙarfe bakwai nake shiga, sai an yi la'asar nake fita, yatsuna duk tawadar hatimi, bayana kamar an sa taɓarya. Inna tana ta faɗan cewa amarya ba ta rama kanta ana saura wata ɗaya biki, ga mai gyaran jiki ta zo sau biyu ba ta same ni ba.

Duk wannan da Anisa na yi shi. Na koya mata yadda ake ba littafi lamba, yadda ake gane na addini daga na tarihi in sunan ya rikitar, inda ake buga hatimi, yadda ake shigar da sabo a kwamfuta ba tare da ta maƙale ba. Har kalmar sirrin kwamfutar na ba ta. Tana rubuta komai a wani ɗan littafi mai jan bango, ni kuma ina yaba ƙwazonta. Armiya'u kuwa kullum da azahar sai saƙonsa ya shigo: “Ya aikin, Malamar littattafai? Anisa ta ce kina koya mata da kyau. Ki nuna mata komai, kada ki rage.” Sai in mayar masa da hoton kantocin da muka gama, in sa alamar dariya.

Ranar Talata, saura kwana biyu kwamiti ya zo, Anisa ba ta zo ba, ta turo cewa kanta yana ciwo. Ina ta share-share na ƙarshe, sai na jawo aljihun ɗan teburin da take zama don in kwashe tarkace. Can ciki na ga damin tsofaffin katuna an ɗaure da roba. Na kwance su don in tabbatar babu mai amfani a ciki. Gabansu ba komai, katunan littattafan da muka daɗe da cirewa ne. Sai ɗaya ya faɗi ƙasa ya kife.

Sa hannuna ne a bayansa. Sau shida.

Na juya na biyu, na uku, duka. Kati goma sha tara, kowanne cike da sa hannuna. Ni ina da yadda nake jan wutsiyar harafin farko ta zagayo ƙarƙashin sunan, in ɗiga ɗigo biyu a ƙarshe. A katunan farko wutsiyar a karkace take, hannun yana rawa. A na tsakiya ta fara miƙewa. Na ƙarshe kuwa, wallahi da a kotu aka nuna min da na rantse nawa ne.

Ku ga wautata. Dariya na yi. Na ce a raina yarinyar nan so take ta zama ni har a sa hannu. Na mayar da robar, na jefa su a jakata da niyyar in tsokane ta gobe.

Da aka yi azahar na ɗauki jerin littattafan da suka lalace na kai wa Malam Ladan ya sa hannu. Ya duba, ya yaba, sannan ya jawo wasu takardu uku masu layi-layi ya ce gara in gan su tun yau don kada ranar Alhamis a ɓata wa kwamiti lokaci. Ya nuna da bakin biro: adadin littattafai a nan, sa hannuna a nan, na Anisa a nan, na shugabar kwamiti a ƙasa.

Na ce, “Malam, me ya kawo sa hannun Anisa? Ai ita taimako kawai take yi.”

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. “To wa zai karɓa in ba ita ba? Ai takardar miƙa aiki ce.”

Na tsura wa takardun ido. Na dai ji fankar sama tana ƙara, na ji 'yan aji biyu suna maimaita karatu a nesa. Da ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya tashi ya buɗe kabad ya ɗauko fayil ɗina, ya zaro takarda ya ajiye a gabana. An buga ta da kwamfuta, tsaf. Wai ni Muhsina ina sanar da makaranta cewa zan ajiye aiki a ƙarshen wannan wata saboda aure da komawa Shinkafi, ina kuma roƙon a duba Anisa a maye gurbina da ita tunda na horar da ita. Kwanan watan da ke sama wata guda ke nan da kwana huɗu. A ƙasa ga wutsiyar nan ta zagayo, ga ɗigo biyu.

Malam Ladan ya ce Yaya Faruku ne ya kawo ta da hannunsa, tare da Armiya'u. Sun ce masa abin yana yi min zafi, na roƙa kada a tayar min da maganar sai ranar miƙawa, shi ya sa bai taɓa ce min komai ba. Ya tambaye ni sau biyu ko akwai matsala. Na ce babu. Har yau ban san dalilin da ya sa na ce babu ba. Ina jin kunya ce ta kama ni, kunyar a ce mijin da zan aura da wan da ya raine ni ne suka yi min haka, kamar ni ce na yi laifin.

Na koma laburare na rufe ƙofa na zauna a ƙasa tsakanin kanta ta uku da ta huɗu. Mako uku ina karya bayana, ashe ba don kwamiti ya ga aikina ba ne. Shara nake yi wa mai shiga. Kowace lamba da na liƙa, kowane suna da na gyara, kayan wata nake jerawa, kuma da bakina na koya mata inda komai yake.

Da na isa gida na tarar da Inna a ƙarƙashin rumfa tana tsinke rama, gefenta an jera sababbin kwanonin da ƙanwata ta kawo daga kasuwa, ba a ko cire musu takarda ba. Ban cire hijabi ba na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, ina jiran ta saki tiren ta yi salati. Ba ta saki ba. Hannunta bai ma tsaya ba.

Na ce, “Inna, kin sani?”

Sai da ta tsinke reshe biyu sannan ta amsa, ba ta dube ni ba. “Mi kike so in yi, Muhsina? Ƙannenki biyu sun tai ɗakunansu kina nan. Mutanen sun ce su ba a aiki a gidansu. Faruku ya ce in anka gaya miki za ki watsa maganar, in kuwa anka ɗaura, hankalinki zai kwanta.”

Ta ci gaba da cewa ita ma ba ta so ba, ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, amma mace ɗakinta shi ne darajarta, littafi kuma ba ya jinyar mutum in ya tsufa. Ta ce mutum uku sun zo sun tafi saboda wannan aikin, ba za ta zuba ido na huɗu ya tafi ba. Ina kallon hannuwanta, hannuwan da suka sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har na gama difloma, na kasa haɗa su da abin da kunnena yake ji. Da a ce faɗa ta yi min da na samu abin riƙewa. A hankali take maganar, kamar mai ba yaro magani.

Yaya Faruku bai shigo ba ranar. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba, sai ya turo saƙo: “Inna ta gaya min. Kada ki ba mu kunya. Ranar Asabar za a kawo lefe.”

Ranar Laraba na je aiki kamar kullum. Kada ku tambaye ni dalili, ƙafafuna ne suka kai ni. Anisa ba ta zo ba, wayarta a kashe. Ni kaɗai na ƙarasa buhun Zurmi na ƙarshe, na liƙa lambobi, na share, na goge tagogi. Na tura wa Armiya'u kalma huɗu: “Ka zo da la'asar.”

Ya zo cikin shadda ruwan toka da hula mai aikin hannu, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Ya kawo leda da gasasshiyar masara da dabino, ya ajiye a bakin tabarma kamar kowace Laraba. Ni ko hoda ban shafa ba, atamfar da na yini da ita ce a jikina. Bayan mun gaisa na ciro katunan na baza su a gabansa ɗaya bayan ɗaya.

Bai yi musu ba. Wannan ma ya ƙara min ciwo, don na kwana ina shirya yadda zan kama shi in ya musa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce mahaifinsa ya rantse ba za a kai matar ɗansa haya a wani gari ba alhali ga ɗaki a gida, mahaifiyarsa kuma ƙafa ta hana ta tashi, tana bukatar mai zama kusa. Ya ce ya yi ta neman hanyar faɗa min ya rasa. Anisa kuma da ma aiki take nema, sai ya ga in gurbin ya zauna a hannunta bai fita daga gida ba, duk lokacin da na zo Ƙaura zan iya shiga in ga littattafaina.

Na tambaye shi gidan kusa da tasha fa, wanda ake yi wa shafe. Ya ce na wani abokinsa ne, aron makulli ya yi.

“Na san in na tambaye ki za ki ce a'a,” in ji shi. “Ni kuma ba zan iya rasa ki ba. Don ina son ki na yi.”

Na ce, “Da ka tambaye ni, Malam, wataƙila da na yi kuka na bi ka. Ban sani ba. Amma ba ka bar ni na sani ba.”

A nan ya sauya murya, ya koma lallashi. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, gobe kawai in daure in sa hannu a takardar miƙawa. In na ce wasiƙar ba tawa ba ce, Anisa za a kama da laifin satar sa hannu, ba za ta ƙara samun aiki a ko'ina ba, yarinya ce, shi ya sa ta, ba ta da laifi. Malam Ladan ma zai ji kunya a gaban kwamiti. Ya ce in tuna Anisa ƙanwata ce yanzu. Wato igiyar da suka ɗaure ni da ita, ni ake roƙo in riƙe bakinta don kada ta kwance ta faɗo a kansu.

Na tattara katunan na mayar da su jaka. Ya tashi zai tafi ya ce gobe Alhamis kasuwar Shinkafi, da asuba zai kama hanya, amma wayarsa tana hannu. Ledar masarar tana nan inda ya ajiye ta har kaji suka shigo suka same ta.

Ranar Alhamis na sa baƙar abayata mai ɗinkin zare a hannu, wadda na saya da albashina na farko. Inna ta miƙo min kunu na ce na ƙoshi. Ta bi ni har bakin ƙofa tana cewa in tuna da ita, in tuna da bakin mutane.

Ƙarfe tara kwamiti ya iso. Shugabarsu Hajiya Balaraba ce, tsohuwar malama da ta yi ritaya, gajeriya mai kaifin ido, tare da maza biyu. Anisa ta riga su zuwa, cikin sabon hijabi ruwan bula, ta tsaya a bakin taga ta ƙi yarda mu haɗa ido. Hajiya ta zagaya kantocin, tana zaro littafi daga inda ta ga dama tana cewa a nemo mata katinsa. Sau goma sha biyu ta yi haka, sau goma sha biyu na ɗora mata katin a tafin hannu kafin ta gama gyara tabarau. Ta buɗe kwamfuta ta ga an haɗe sunayen nan uku sun koma ɗaya. Ta juya ta ce wa Malam Ladan tun da aka buɗe makarantar ba ta taɓa ganin ɗakin nan haka ba, abin takaici ne a ce mai wannan hannun za ta tafi.

Wayata ta yi motsi a jaka. Na leƙa. “Don Allah, Muhsina. Ki rufa mana asiri.”

Malam Ladan ya shimfiɗa takardun nan uku a kan teburina, ya cire murfin biro ya miƙo min. Na karɓa. Ina gaya muku gaskiya, har na sunkuya. Na ga fuskar Inna, na ga akwatunan da za a shigo da su jibi, na ga matan unguwa da aka riga aka gaya wa. Na ce a raina, sa hannu ne kawai, daƙiƙa biyu. Sai na tuna ai an riga an yi min shi sau ɗaya ba tare da ni ba, wannan na biyun ne kaɗai aka bar min.

Na ajiye biron.

“Hajiya, ban ajiye aiki ba. Wasiƙar da ke cikin fayil ɗina ba ni na rubuta ta ba, ba ni na sa mata hannu ba.”

Hajiya Balaraba ta sa aka kawo fayil ɗin, ta karanta wasiƙar a tsaye, ta tambaye ni wa ya rubuta. Na ce ban ga lokacin da aka rubuta ba. Iyakar abin da na iya yi wa Anisa ke nan, kuma Allah ya sani ko shi da ƙyar na yi. Amma ita ta kasa riƙewa. Ta sulale a jikin bango ta rushe da kuka, tana cewa Yaya ne ya ce Anti ta yarda, kunya ce kawai ta hana ta rubutawa da kanta, daga baya da ta gane ba haka ba ne tsoro ya hana ta magana. Ko gaskiya ta faɗa ko rabin gaskiya, ban sani ba. Na dai san wata biyu muna cin abinci a kwano ɗaya.

Malam Ladan ya zauna a kujerar ɗalibai ya dafe kai, yana ta istigfari. Hajiya ta ninke wasiƙar ta sa a jakarta, ta ce kwamiti zai zauna a kanta, kuma sai an kira waɗanda suka kawo ta. Ta ce wa Anisa ta tashi ta wanke fuska ta tafi gida. Sannan ta dube ni ta ce, “Malama, ƙidaya muka zo yi. Ina muka tsaya?”

Muka ci gaba. Har la'asar muna yi, kanta bayan kanta, ina karanto lambobi. Littafi dubu uku da ɗari biyu da arba'in da shida, goma sha ɗaya babu su. Na sa hannu a takardar ƙidaya, a gurbin mai kula da laburare, Hajiya tana tsaye a kaina tana kallo.

Sai da suka tafi na duba waya. Kira tara daga Yaya Faruku. Daga Armiya'u saƙo ɗaya: “Anisa ta kira ni. Na gaya wa Baba. Ranar Asabar ba za su zo ba.” Na karanta shi ya fi sau goma. Kada ku ɗauka daɗi na ji. Na zauna na yi kukan da ban yi ba tun Talata, don har yanzu in na rufe ido shi nake gani, kuma ban san yadda ake cire mutum daga zuciya a yini ɗaya ba.

Ina cikin rufe tagogi wayar ta sake ƙara. Inna ce. Muryarta ta dushe kamar wadda ta yini tana kuka. Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba, ta riga ta ji. Ta ce kada in biya ko'ina, in taho gida kai tsaye. Kawu Sanda, ƙanin Baba kuma waliyyina, ya taso daga Zurmi tun azahar a kan babur. Mutumin da shekara biyu ke nan bai yarda ya bi wannan hanyar ba, ko da aka yi sunan jikansa.

Na ce, “Inna, wa ya kira shi?”

Ta ce, “Ni na kira shi. Na gaya mishi duka, har da nawa.”

Ta kashe. Na tsaya riƙe da marfin taga ta ƙarshe, ban san ko hukunci zan tarar a gida ko mai tsaya min ba. Na ja shi na sa sakata, na ɗauki jakata na fito.